Idan kamfani na ma'aikatansa ne, wa ke ɗaukar asara?

A ranar 12 ga Yuni, 1973, ma'aikatan kamfanin agogo na Lip da ke garin Besançon a Faransa suka tsare jami'an da aka damƙa wa riƙon kamfanin, suka buɗe jakar ɗaya daga cikinsu. A ciki suka tarar da takardun da ke nuna an riga an gama shirin sallamar ɗaruruwansu. A daren suka kwashe dubban agogunan da ke ajiye a sito suka ɓoye. Bayan kwana shida suka yi taro, suka kaɗa ƙuri'a, suka tayar da injuna da hannunsu ba tare da izinin kowa ba. Takensu gajere ne: mu ƙera, mu sayar, mu biya kanmu. Haka suka yi ta yi har tsakiyar watan Agusta, lokacin da jami'an tsaro suka fitar da su daga masana'antar.

Abin da ya ba mutane mamaki a lokacin shi ne agogunan sun ci gaba da fitowa, kuma suna aiki daidai. Ni kam ban ga abin mamaki a nan ba. Wanda ya shekara ashirin yana ɗaura ƙananan ƙarafa cikin cikin agogo ba ya bukatar wani ya tsaya a kansa kafin ya san inda kowanne ke shiga. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tambayar ko ma'aikata za su iya tafiyar da wurin aikinsu an daɗe da amsa ta, an amsa ta a ƙasashe da yawa. Inda gizo ke saƙa wani wuri ne daban: ranar da ciniki ya tsaya, wa zai ɗauki asarar? Ranar da ciniki ya buɗe kuma, aka bukaci ƙarin hannu, sabon da ya shigo ɗan gida ne ko ɗan haya?

Kafin a kai nan, akwai abubuwa uku da ake yawan cakuɗawa. Akwai mallakar kamfani, akwai ikon yanke shawara a cikinsa, akwai kuma rabon riba. A kamfanin da kowa ya saba da shi, ukun nan duk suna hannun mai jari: shi ya zuba kuɗi, shi ke naɗa manaja, shi ke kwashe abin da ya rage bayan an biya albashi. Ana iya ɓallo ɗaya a ba ma'aikata a riƙe sauran. A Amurka, tun daga dokar 1974, akwai tsarin da ake tara wa ma'aikata hannun jari a wani asusu har su yi ritaya, amma sau da yawa ba su da ta cewa kan yadda ake tafiyar da aiki. A Jamus kuma, dokar 1976 ta ba wakilan ma'aikata rabin kujerun hukumar sa ido a kamfanonin da ke da ma'aikata fiye da 2,000, alhali ba su mallaki komai ba. A Holan akwai Buurtzorg, wadda Jos de Blok ya kafa a 2006, inda ma'aikatan jinya ke aiki rukuni-rukuni, kowane rukuni bai wuce mutum goma sha biyu ba, su ke tsara wa kansu aiki ba tare da shugaba a kansu ba. Duk waɗannan suna da amfaninsu. Amma abin da nake magana a kai shi ne inda aka haɗa ukun wuri guda, wato ƙungiyar gama kai ta ma'aikata: mai aikin shi ne mai kamfanin, kuma kowa ƙuri'arsa ɗaya, ko mai shara ne ko injiniya.

Duk mai son ganin yadda wannan ke kasancewa idan ya girma, yankin Basque na arewacin Sifaniya zai duba. A 1941 wani matashin limamin coci, José María Arizmendiarrieta, ya isa garin Mondragón, garin da yaƙin basasa ya bari cikin talauci. Bai fara da kafa kamfani ba. Makarantar koyon sana'a ya buɗe a 1943, ya yi shekara goma sha uku yana renon yara kafin biyar daga cikin ɗalibansa su kafa Ulgor a 1956, suna ƙera risho da na'urar ɗumama ɗaki masu aiki da kananzir. Bayan shekara uku ya matsa musu suka kafa banki nasu, Caja Laboral, domin ya hango cewa ranar da suka bukaci kuɗi babu bankin da zai kalle su. Sai kuma asusun lafiya da fansho, Lagun Aro, saboda gwamnati ta ce tunda su masu kamfani ne ba su cikin tsarin kula da ma'aikata na ƙasa. A yau rukunin Mondragon ya ƙunshi ƙungiyoyi kusan tamanin, da ma'aikata wajen dubu saba'in.

Akwai wata ƙaramar al'ada tasu da ta fi burge ni fiye da duk waɗannan alƙaluma. Kuɗin da mamba ke karɓa a ƙarshen wata ba sa kiransa albashi. Suna ɗaukarsa a matsayin kafin alƙalami, wani abu da aka ba ka tun kafin a san yadda shekarar za ta ƙare. Idan an ci riba, ana ware wani kaso a asusun ajiyar kamfani, kashi goma cikin ɗari ya tafi ga ilimi da hidimar al'umma, sauran a rubuta wa kowa a asusunsa na jari, wanda ba zai taɓa ba sai ranar da zai bar aiki. Idan asara aka yi, daga asusun nan za a zaftare. Tazarar da ke tsakanin mafi ƙarancin samu da mafi yawa kuma an yi mata iyaka: da farko babba ba ya wuce ninki uku na ƙarami, daga baya aka sassauta zuwa kimanin ninki shida a yawancin ƙungiyoyin, domin ƙwararru sun fara gudu. Wannan gudun ƙwararru ciwo ne na gaske. Masanin tattalin arziki Gabriel Burdín, da ya bi diddigin kamfanonin Yurugwai, ya ga cewa a kamfanonin ma'aikata waɗanda suka fi ƙwarewa su ne suka fi saurin tattara nasu-ya-nasu su koma inda za a biya su fiye da haka.

To mu zo ranar asara. A ɗauka masana'anta ce mai mutum arba'in, oda ta ragu da kashi ɗaya cikin huɗu. A kamfanin mai jari lissafin a bayyane yake: a sallami mutum goma, talatin su ci gaba da karɓar albashinsu cif. Goman nan sai su ji labari a takarda. A kamfanin ma'aikata kuwa, arba'in ɗin ne za su zauna a ɗaki ɗaya bayan an tashi aiki, akawu ya miƙe ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, kowa ya ji da kunnensa. Wani zai ce a rage kwanakin aiki. Wata za ta ce ita da wannan kuɗin take biyan haya, idan aka taɓa shi ba ta san inda za ta sa kanta ba. Wani dattijo da saura masa shekara biyu ya yi ritaya zai yi shiru, domin duk abin da ya tara yana cikin asusun da ake shirin zaftarewa. A ƙarshe a ɗaga hannu. Abu ne mai wuya mutum ya ɗaga hannu a kori wanda ke zaune kusa da shi, saboda haka galibi abin da ake zaɓa shi ne kowa ya rage. Bincike ya tabbatar da wannan hali. Ben Craig da John Pencavel sun yi nazarin kamfanonin falankin katako na ma'aikata a arewa maso yammacin Amurka, suka ga idan farashi ya faɗi, kuɗin da ake biya ne ke sauka, yawan ma'aikata kuwa kusan yana nan yadda yake, akasin kamfanonin da ke makwabtaka da su. Shi ma Burdín ya gano cewa haɗarin rushewar kamfanin ma'aikata a Yurugwai ya yi ƙasa da na kamfani na yau da kullum da kusan kashi 29 cikin ɗari.

Wannan babban abu ne, kuma ba na son a raina shi. Wanda bai taɓa rasa aiki ba bai san yadda takardar sallama ke shiga gida ta taɓa kowa ba, daga kuɗin makaranta har zuwa yadda mutum ke kallon kansa. Tsarin da ke raba raɗaɗi a kan mutum arba'in maimakon ya jibge shi a kan goma ya fi kusa da adalci. Sai dai yana da nasa tsadar, kuma ma'aikacin ne ke biya. Mai jari yana iya raba kuɗinsa a kamfanoni goma, idan ɗaya ya nutse tara su ɗauke shi. Ma'aikacin da ya mallaki wurin aikinsa kuwa, abincinsa da ajiyarsa duk a jirgi ɗaya suke.

An ga haka ƙuru-ƙuru a 2013. Fagor Electrodomésticos, magajin Ulgor, wato uwar da ta haifi rukunin gaba ɗaya, ya durƙushe. Ya faɗaɗa da bashi, ya sayi kamfani a Foland, ya sayi Brandt na Faransa a 2005, sai ga kasuwar gine-ginen Sifaniya ta rushe bayan 2008, babu mai sayen firji da injin wanki. Mambobi suka zaɓi a rage musu kuɗi. Sauran ƙungiyoyin rukunin suka zuba ɗaruruwan miliyoyin yuro, har suka kai inda suka ce ba za su ƙara ba, kada ramin ya haɗiye kowa. Mambobin Fagor kusan dubu biyu ne, kuma mafi yawansu an nema musu gurbi a wasu ƙungiyoyin rukunin ko an sallame su da ritaya ta wuri. Babu kamfanin 'yan jari da zai yi wa ma'aikatansa wannan. Amma da yawa sun rasa ajiyar da suka zuba a kamfanin. Dubban ma'aikatan rassan Foland da Faransa kuwa babu wanda ya nema musu gurbi, domin su ba mambobi ba ne. Ba su da ƙuri'a, ba su da asusu. Ma'aikatan haya ne, iyakar bambancin shi ne iyayen gidansu su ma ma'aikata ne.

Nan ne, a ganina, zuciyar maganar take. Tun fiye da shekara ɗari da suka wuce Beatrice Webb da mijinta Sidney, 'yan gurguzun Ingila, suka yi hasashen cewa irin waɗannan kamfanoni ɗayan biyu ne: ko su faɗi, ko su yi nasara su rikiɗe su zama kamar kowane kamfani. Hanyar rikiɗewar ba ta bukatar mugun nufi. Mutum ashirin sun sha wuya shekara goma, sun yi watanni ba albashi, yanzu abu ya kankama. Ana bukatar mutum biyar. Idan aka shigo da su a matsayin mambobi, za a raba riba gida ashirin da biyar, da waɗanda ba su ɗanɗani wahalar farko ba. Idan aka ɗauke su haya, riba na nan gida ashirin. Kowa a ɗakin mutumin kirki ne, amma lissafin yana jan su gefe guda. Bayan shekara ashirin sai ka tarar da 'yan tsirarun masu ƙuri'a a sama, ɗaruruwan marasa ƙuri'a a ƙasa. Kamfanonin katakon Amurka da na ambata wata hanyar suka bi suka ƙare: da suka yi nasara, hannun jarin kowane mamba ya yi tsadar da matashin ma'aikaci ba zai iya saya ba, don haka tsofaffin da ke son hutawa suka sayar wa manyan kamfanoni. Na farkonsu, Olympia Veneer, an kafa shi a 1921, aka sayar a 1954.

Hasashen nan bai zama dole ba, amma ba ya kaucewa da kansa. Sai an rubuta a ƙa'ida tun ranar farko, kafin kwaɗayi ya sami abin kamawa: duk wanda ya yi wa'adin gwaji yana da haƙƙin zama mamba, kuɗin shiga ba zai bi darajar kamfani yana hawa ba, kuma a bar mutum ya biya shi kaɗan-kaɗan daga abin da yake samu. Italiya ta ƙara wani abu mai hikima. A can, ribar da ƙungiya ta ajiye a asusun da ba a rabawa tana samun sassaucin haraji, kuma ko an rushe ƙungiyar mambobi ba za su raba wannan dukiya a tsakaninsu ba. Wanda ya san ba zai iya sayarwa ya cika aljihu ba, ba zai yi mafarkin sayarwa ba.

Wani zai ce, idan tsarin yana da juriya haka, me ya sa bai cika duniya ba? Amsar tana wajen haihuwa. Mai sabuwar dabara da ya ga za ta yi kuɗi ba shi da dalilin raba ta da mutum talatin daidai wa daida. Ma'aikatan da ke da dalili kuma ba su da jari. Banki na son jingina. Mai zuba jari na son ƙuri'a gwargwadon kuɗinsa, su kuma idan suka ba shi sun rushe abin da suka taru a kai. Gaba kura, baya sayaki. Shi ya sa za ka fi samun su a sana'o'in da hannu da ƙwaƙwalwa suka fi injin muhimmanci: gine-gine, sufuri, kula da marasa lafiya a gida, aikin kwamfuta. A unguwar Bronx ta birnin New York akwai Cooperative Home Care Associates tun 1985, yawancin ma'aikatanta mata ne masu kula da tsofaffi da nakasassu. A jihar Kerala ta Indiya akwai ƙungiyar leburori ta Uralungal tun 1925, wadda a yau take gina manyan tituna da gadoji. Shi ya sa kuma nake ganin bankin da limamin nan ya dage a kafa a 1959 ya fi masana'antar kanta muhimmanci a tarihin Mondragon.

Akwai ƙasar da ta gwada ɗora tsarin daga sama, da ƙarfin doka. Bayan Tito, jagoran Yugoslabiya, ya raba gari da Stalin na Tarayyar Sobiyet a 1948, ƙasar ta kafa dokar 1950 da ta miƙa tafiyar da masana'antu ga majalisun ma'aikata. Shekaru arba'in aka yi a haka, kuma a farko tattalin arzikin ya bunƙasa sosai. Amma masana'antun ba na ma'aikatan ba ne, an ce na al'umma ne, wato na kowa kuma ba na kowa ba. Ma'aikacin da ya yarda a sayi sabon inji da ribar bana ba zai tafi da komai ba ranar da ya bar aiki, don haka hankali ya ba shi a raba kuɗin yanzu, a ciwo bashi a sayi injin. Idan kamfani ya kasa biya, hukuma ta cece shi. Jam'iyya ɗaya ce ke mulki, kuma tana da hannu wajen naɗa daraktoci. Rashin aiki ya yi yawa har ɗaruruwan dubbai suka tafi ci-rani Jamus ta Yamma, kuma a 1989 hauhawar farashi ta haura kashi dubu cikin ɗari. Ba daidai ba ne a ɗora wa majalisun ma'aikata duk laifin, domin bashin ƙetare da rikicin siyasa sun yi nasu ɓarnar. Abin da ya fito fili dai shi ne an ba mutane ƙuri'a ba tare da an ɗora musu sakamakon ƙuri'ar ba, kuma an hana su 'yancin da ke sa ƙuri'a ta yi nauyi.

Ajantina ta zo ta ɗaya ƙofar, daga ƙasa, cikin yunwa. Da tattalin arzikin ƙasar ya rushe a 2001, masu kamfanoni da dama suka kulle ƙofa suka bar ma'aikata da bashin albashi. Ma'aikatan suka shiga suka zauna, suna gadin injuna kada a kwashe da dare. Takensu: mamaye, jure, samar. Masana'antar tayil ta Zanon a lardin Neuquén ta koma aiki a hannun ma'aikatanta da sabon suna, FaSinPat, ma'ana masana'anta marar ubangida, kuma a 2009 majalisar lardin ta amince a ƙwace ta a ba su. Kamfanoni ɗaruruwa ne suka bi wannan hanya. Sai dai abin da suka gada tsofaffin injuna ne, da bashi, da shari'ar da ba ta ƙarewa. Otal ɗin Bauen na Buenos Aires, wanda ma'aikata suka mamaye a 2003, ya yi shekara goma sha bakwai ana barazanar fitar da su, har ya rufe a 2020. Ina girmama mutanen nan matuƙa. Ina kuma jin takaicin cewa sau da yawa ba a tuna ma'aikata za su iya riƙe kamfani sai bayan ya zama gawa.

Akwai kuma gajiyar da ba a cika faɗa ba. Mulkin kai aiki ne a kan aiki. Mutum ya yini a tsaye, sannan a ce ya zauna taro ya fahimci lissafin kuɗi. Wasu ba sa so, kuma ba laifi ba ne mutum ya so ya yi aikinsa ya koma wajen iyalinsa. Idan aka yi sakaci, masu baki da masu ilimi su ke gaje taron, sauran su zama 'yan amshin shata. Ladabtar da abokin aiki da ke lalaci ya fi wuya idan gobe za ka nemi ƙuri'arsa. Girma ma yana kawo nasa: a 1974, lokacin da Ulgor ya kai mutum dubbai, ɗaruruwan mambobi suka yi yajin aiki a kamfanin da yake nasu, kan sabon tsarin auna matsayin aiki. An kori jagororin yajin, sai bayan shekaru aka mayar da su. Mutum yana iya zama mai kamfani a takarda, a bakin inji kuwa ya ji shi ba kowa ba ne. Ƙungiyoyin da suka daɗe ba su ce kowa ya yanke kowace shawara ba. Suna zaɓen hukuma, hukuma ta ɗauki manaja, manaja ya ba da umarni a bi, amma kowa ya san babban taro na iya sauke hukumar. Wasu ƙalilan, kamar Suma a arewacin Ingila, sun zaɓi kowa ya karɓi albashi iri ɗaya, suna kuma juya ayyuka a tsakaninsu.

Idan aka tambaye ni inda ya kamata a sa ƙarfi, zan nuna dokar Marcora ta Italiya, ta 1985. Dokar ta ba ma'aikatan kamfanin da ke shirin rufewa damar karɓar kuɗin tallafin rashin aikinsu a dunƙule su zuba a matsayin jari, sannan wata cibiyar kuɗi da gwamnati ke mara wa baya ta ƙara musu, ta kuma zauna da su tana duba lissafi na wasu shekaru. Kuɗin da da za a biya mutum yana zaune a gida, shi ne ya zama injin da yake aiki da shi. Faransa ma ta ga irin wannan a 2024, lokacin da kotu ta amince ma'aikatan Duralex, masu ƙera kofunan gilashi, su karɓi kamfaninsu. Amma damar da ta fi wannan girma ba ta cikin kamfanonin da suka faɗi. Tana cikin lafiyayyun ƙananan kamfanoni da masu su suka tsufa, 'ya'yansu ba sa son gadon sana'ar. Irin waɗannan ko a sayar wa babban abokin gasa ya kwashe kwastomomi ya rufe wurin, ko a kulle kawai. Tun 2014 Birtaniya ke ba da sassaucin haraji ga mai kamfanin da ya sayar wa asusun amana na ma'aikatansa, a riƙa biyansa a hankali daga ribar shekaru masu zuwa. A nan babu mamaya, babu 'yan sanda, babu agogon da za a ɓoye da dare. Injuna na aiki, kwastomomi na nan, mutanen da suka san aikin su ne dai a wurin. Abin da ya rage musu shi ne su zauna su rubuta, tun suna 'yan kaɗan kuma ba su yi arziki ba, sharuɗɗan da wanda za a ɗauka aiki baɗi zai cika ya zama ɗaya daga cikinsu.